Ɗan'uwan Da Aka Manta A Ƙuryar Ɗaki

  

Kusan babu unguwar da ba ta da irinsa, kuma da wuya a sami wajen ta'alimin da ba a taɓa yin irinsa ba. Matashi ne mai himma, shi ne mai shimfiɗa tabarmi kafin a fara karatu, shi ne mai ɗauko lasifika, in za a yi tafiyar wa'azi shi ne farkon shiga mota. Sai ciwo ya kayar da shi, ciwon da ba na kwana uku ba. A makon farko ƙofar ɗakinsa cike take da takalma, wannan ya kawo lemo, wancan ya kawo ayaba, ana ta addu'a. A mako na uku takalman sun ragu. Bayan wata uku kuwa, sai dai a ambaci sunansa a addu'ar rufe taro, a shafa, a watse. Shi kuma yana can a shagonsa, ɗaki mai faɗin tabarma biyu, rufin kwano, taga ɗaya tak da aka toshe da kwali saboda ƙura. Safe da yamma bango ɗaya yake kallo. Babu abokin hira sai waya, wayar ma babu abin da take nuna masa sai hotunan sa'o'insa a wajen ɗaurin aure da walimar kammala karatu.

Wannan ɗan'uwa ciwo biyu ke damunsa. Na farko kowa ya san da shi, har ana haɗa kuɗin magani. Na biyu kuwa yana cikin ƙirji, ba ya fitowa a gwajin jini, kuma sau da yawa shi ne yake fara gamawa da mutum.

Cututtukan da ake rayuwa da su shekara da shekaru suna da yawa a ƙasar nan: ciwon suga, hawan jini, asma, ciwon ƙoda mai kai mutum ga wankin ƙoda, shanyewar ɓarin jiki. To amma wanda ya fi shafar matasa kai tsaye shi ne sikila, wato amosanin jini. Nijeriya ce kan gaba a duk duniya wajen yawan masu wannan cuta, inda ake ƙiyasta haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita a kowace shekara. Ƙwayar jinin mai lafiya tana yin kwana kamar 120 kafin ta mutu, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 take yi, ga ta kuma tana lanƙwashewa kamar lauje ta toshe ƙananan hanyoyin jini, sai ƙashi ya ɗauki raɗaɗin da wanda bai ɗanɗana ba ba zai taɓa ganewa ba. Madalla da dokar gwajin lafiya kafin aure da jihar Kano ta kafa a 2024, domin rigakafi ya fi magani. Sai dai wannan doka ta 'ya'yan da ba a haifa ba ce. Ina labarin dubban da suke raye yau, waɗanda suka bar makaranta saboda yawan kwanciya asibiti, aka hana su aure, masu gida suka ƙi ɗaukar su aiki, aka kuma riƙa faɗa musu a fuska tun suna yara cewa irinsu ba sa daɗewa?

A 2007 an fitar da sakamakon wani babban bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya ƙunshi mutum sama da 245,000 a ƙasashe 60. An gano cewa a cikin masu fama da cuta mai daɗewa irin su ciwon suga, asma, ciwon gaɓɓai da ciwon zuciya, tsakanin kashi 9 zuwa kashi 23 cikin ɗari suna tare da ciwon damuwa, kuma idan damuwa ta haɗu da cutar jiki lafiyar mutum ta fi lalacewa fiye da in cutar ce kaɗai. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda zuciyarsa ta mutu ba ya shan magani a kan lokaci, ba ya cin abinci, ba ya barci, ba ya komawa ganin likita. Ga mai sikila kuwa, damuwar kanta tana daga abubuwan da ke tayar da ciwon. Daga nan ne wasu ke faɗawa hannun allurai da ƙwayoyin kashe raɗaɗi, tun ana yi don ciwon ƙashi har a koma ana yi don ciwon zuciya, wal iyazu billahi.

Abin takaici, da zarar majinyaci ya buɗe baki ya ce rayuwa ta ishe shi, amsar da yake samu daga 'yan'uwa ita ce imaninsa ya yi rauni. Subhanallahi! Wane ne ya fi Annabi Ya'aƙubu (AS) imani, alhali Suratu Yusuf ta ba da labarin yadda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa? Masu tarihin Manzon Allah (SAW) ba su ji nauyin kiran shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu da sunan shekarar baƙin ciki ba. Haƙuri wajibi ne, babu ja a kan haka, kuma ladar mai haƙuri da cuta ba ta da iyaka. Amma faɗa wa mutum ya yi haƙuri sannan a ja masa ƙofa a tafi, wannan sauke wa kai nauyi ne kawai.

To ina mafita? Wani ɓangare nata yana nan a fili, a cikin Littafin da ake karantawa dare da rana, sai dai gaggawar sauka ta hana a tsaya a yi tadabburi.

A duba Suratus Saffat. Lokacin da kifi ya amayar da Annabi Yunusa (AS) a tudu, ba shi da lafiya, ga shi ya fito daga ƙuncin da babu kamarsa, sai Allah Ya tsirar masa da wani tsiro dangin kabewa ya yi masa inuwa. A duba Suratu Sad. Annabi Ayyuba (AS), wanda ya zama abin buga misali a doguwar jinya, da lokacin yaye masa ya zo sai aka umarce shi ya buga ƙasa da ƙafarsa, ruwa mai sanyi ya ɓuɓɓugo, na wanka da na sha. A duba Suratu Maryam. A lokacin da naƙuda ta kai ta gindin dabino, ƙunci ya kai ta ga burin ina ma ta mutu kafin wannan rana, sai aka kira ta aka hana ta baƙin ciki, aka nuna mata ƙorama a ƙarƙashinta, aka ce ta girgiza dabinon, ta ci, ta sha, ta sanyaya ido. Allah Mai iko ne Ya warkar da su duka ba tare da ganye ko ɗigon ruwa ba. Amma sau uku, a ƙissoshi uku, sai ga inuwar tsiro da ruwa mai gudana a gefen bawan da ke cikin ciwo da ƙunci. Mai hankali ba zai ce wannan katari aka yi ba.

Haka nan Suratul Gashiya ta kira mutum ya dubi raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa, Suratun Namli kuma ta siffanta lambuna da cewa ma'abota ƙayatarwa ne, wato abin da ke sa zuciya farin ciki. Yanzu mutumin da ya yi wata shida bai ga fitowar rana ba, ta ina zai cika wannan umarni na dubawa? An hana shi karatun ayoyin da ke shimfiɗe a sarari, sannan ana mamakin yadda zuciyarsa ta bushe.

Sunna ma haka ta nuna. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Abu Ɗalha (RA) yana da wata gonar dabino mai suna Bairuha'u da ke fuskantar masallacin Madina, kuma Manzon Allah (SAW) ya kasance yana shiga cikinta yana shan ruwanta mai daɗi. Abu Musal Ash'ari (RA) ya ba da labarin ranar da ya same shi a wata gona, yana zaune a bakin rijiyar Aris ya zura ƙafafunsa masu albarka a ciki. Sannan ga abin da ya faru da Bilal (RA) a farkon hijira, lokacin da zazzaɓin Madina ya kama shi shi da Abubakar (RA). Idan zazzaɓin ya sassauta masa, abin da yake ambato cikin bege shi ne kwarin Makka da ciyayinsa, da wata mashayar ruwa, da wasu duwatsu biyu da ya saba gani. Wannan fa Bilal ne, wanda aka ɗora wa dutse a ƙirji bai sauya magana ba. Babu wanda ya ce masa imaninsa ya yi rauni. Da Nana A'isha ta kai labari, addu'a Manzon Allah (SAW) ya yi, ya roƙi Allah Ya sa musu son Madina kuma Ya kawar da zazzaɓinta.

Magabatan Musulmi sun gane wannan, har suka gina shi da dutse. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya rubuta littafi mai suna Masalihul Abdan wal Anfus, inda ya nuna cewa jiki da rai a ɗaure suke, idan ɗaya ya kamu sai ya ja ɗayan. Ya yi magana a kan mazauni da iska da ruwa, ya kuma bambanta baƙin cikin da aka san sababinsa da wanda ke sauko wa mutum ba tare da wani sababi na fili ba, wanda ya ce yana buƙatar magani irin na jiki. Sama da shekara dubu kenan! Asibitin da Nuruddin Zanki ya gina a Dimashƙa a 1154, tsakar gida aka yi masa mai tafkin ruwa a tsakiya. Wanda Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira wajen 1284, ruwa aka jawo yana gudana a cikinsa. Na Argun da ke Halab, wanda aka gina a 1354, har sashen masu taɓin hankali an yi masa ƙananan tsakar gida masu maɓuɓɓugar ruwa. Kuma duk da dukiyar waƙafi ake gudanar da su, talaka ba ya biyan ko sisi. A kwatanta wannan da ɗakin jinyar da talaka ke kwanciya a yau, gado na gogar gado, 'yan jinya a ƙasa, in an leƙa taga ba abin da za a gani sai bola da janareto.

Sai ga shi Turawa sun zo daga baya suna auna abin da ma'auninsu. A 1984 wani mai bincike a Amurka, Roger Ulrich, ya bi takardun majinyata 46 da aka yi wa tiyatar cire maɗaciya a wani asibiti a jihar Pennsylvania. Rabinsu tagar ɗakinsu tana kallon bishiyoyi, rabi kuma tana kallon bangon bulo. Masu kallon bishiyoyi sun riga sauran sallama da abin da ya kusa kwana guda, sun sha maganin raɗaɗi mai ƙarfi ƙasa da na sauran, kuma ma'aikatan jinya ba su rubuta yawan ƙorafi a kansu ba. A 2015 masu bincike a jami'ar Stanford suka sa wasu mutane tafiyar minti 90 a cikin ciyayi da bishiyoyi, wasu kuma a gefen titi mai cunkoson motoci. Na farkon sun dawo da raguwar saƙe-saƙen nan na zuci da ke kai mutum ya komo a kan baƙin ciki guda, har hoton ƙwaƙwalwarsu ya nuna sashen da ke wannan aiki ya lafa. A 2019 kuma, masu bincike ƙarƙashin jami'ar Exeter suka duba bayanan mutum kusan 20,000 a Ingila, suka ga waɗanda ke yin aƙalla minti 120 a mako a cikin lambu ko daji ko bakin ruwa sun fi bayyana samun lafiya da natsuwa. Babu bambanci ko a zama ɗaya aka yi awa biyun ko an rarraba su, kuma abin ya tabbata har a kan tsofaffi da masu doguwar cuta. Ƙasar Japan ma tun 1982 hukumar gandun dajinta ta fara kiran mutane zuwa abin da suka sa wa suna wankan daji.

Adalci ne a faɗi iyakar waɗannan bincike. Na Ulrich mutanensa kaɗan ne, na Stanford masu lafiya aka yi wa, na Ingila kuma alaƙa ya nuna, domin mai yiwuwa wanda ya ɗan fi lafiya shi ne ya fi iya fita. Babu ɗaya daga cikinsu da ya ce bishiya tana miƙar da ƙwayar jinin sikila ko tana gyara ƙodar da ta mutu. Kuma Musulmi ba ya jiran sai Bature ya sa hannu kafin ya gaskata abin da ke cikin Littafinsa. An kawo su ne saboda wata cuta da ke damun wasu matasa 'yan boko, waɗanda in an ce aya ce sai su yi shiru, in an ce jami'a ce ta faɗa sai su gyara zama.

Akwai kuma abin da kowa zai iya lura da shi ba sai da jami'a ba. Hasken safiya shi ne ke saita wa jiki lokacin barci da farkawa, don haka wanda ke wuni a ɗaki mai duhu yana kwana idonsa biyu. Tafiya 'yar kaɗan bayan cin abinci tana taimaka wa mai ciwon suga, motsa jiki daidai ƙarfi kuma yana sassauta hawan jini. Raɗaɗi yana ƙaruwa idan hankali ba shi da inda zai tafi sai kansa. In ido ya sami garken shanu da zai bi, ko balbela a bayan saniya, ko manomin rani yana jan ruwa zuwa fangalin albasa, sai hankalin ya sami wurin hutawa. Mafi girma kuma, a gona majinyaci yana komawa mutum. A ɗaki sunansa mara lafiya, kowa da muryar tausayi yake masa magana. A gindin mangwaro kuwa ana musu da shi, ana dariya, har ya gyara wa wani karatu.

Me ya hana a yi? Abu na farko camfi ne. Har gobe akwai gidajen da za a ce kada a kai mara lafiya gindin tsamiya ko kuka domin matattarar iskoki ce, kada ya je bakin rafi kada 'yan ruwa su shafe shi, kada mutane su gan shi a rame saboda kambun baka. Wasu iyayen kuma kunya ce, ba sa so a san akwai sikila a gidan don kada 'yan matan gidan su rasa manema. Sai a kulle bawan Allah kamar wanda ya yi laifi. Wannan aiki ne na matasan da suka yi karatun tauhidi: su zauna da iyaye cikin ladabi, ba da ɗaga murya ba, su nuna musu cewa tsamiya baiwar Allah ce mai tasbihi kamar sauran halitta, babu mai cutarwa ko amfanarwa sai da izininSa, kuma azkar na safe da yamma sun isa garkuwa.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi, shi ne an ƙwace wa talaka sararin kansa. Dattawan birnin Kano suna ba da labarin lokacin da ake fita bayan ganuwa a tarar da gonaki da lambuna. Yau an cike kududdufai an yi shaguna, filayen makarantu da na wasa an yanka su fuloti-fuloti, rimi da ɗorawa sun zama gawayi. Unguwa guda sai a yi tafiyar rabin awa ba a ga inuwar da mutum biyar za su zauna ba, alhali a watan Afrilu zafi yana haura digiri 40. Mai kuɗi yana da lambu a cikin katangarsa, in ya gaji kuma ya hau jirgi. Dazuzzukan da suka rage, irin su Rugu da Kamuku, sun zama mafakar 'yan bindiga, Sambisa da aka keɓe a matsayin gandun namun daji kuwa kowa ya san abin da sunansa ya koma nufi. A ƙauyuka da yawa na Zamfara da Katsina mai lafiya ma yana tsoron gonarsa, balle majinyaci. Tsarin da ke auna ƙasa da naira kaɗai ba zai taɓa tunawa da mai sikilar da ke buƙatar inuwa ba, kuma wajibi ne a ci gaba da faɗar wannan a kan mumbari da shafukan jarida.

Sai dai laifin masu mulki ba ya wanke 'yan'uwa. Matasan da ke iya haɗa kuɗin mota zuwa taro a wata jiha, su kwana a hanya, su dawo da murya a dishe, a ce sun kasa haɗa kuɗin Adaidaita Sahu zuwa bayan gari sau ɗaya a mako? Gaida mara lafiya yana cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa kamar yadda ya inganta a hadisi, kuma babu inda aka ce haƙƙin yana faɗuwa in ciwo ya wuce wata guda. Hasali ma a lokacin ne ya fi ƙarfi, domin a lokacin ne kowa ya gudu. Wani zai ce ai wannan yawon shaƙatawa ne, al'umma tana cikin halin da ya fi ƙarfin zaman gindin bishiya. Amsa ita ce, al'ummar da ake magana a kanta ba wata aba ce a sama ba, wannan ɗan'uwan da ke kwance yana cikinta. Wanda ya kasa ɗaukar nauyin mutum guda da ya sani da suna, da wuya a yarda zai ɗauki na miliyoyin da bai taɓa gani ba.

Kuma abin bai kai wahalar da ake zato ba. Ba sai an je Yankari ko dausayin Haɗeja da Nguru ba, inda tsuntsaye ke zuwa tun daga Turai su yi hunturu, duk da cewa wanda ya sami hali da amincin hanya ya kai ɗan'uwansa can ya yi abin kirki. Mutumin Kano yana da gonakin rani na wajen Kura da Kadawa waɗanda ruwan Tiga ke shayarwa, yana da gidan namun daji na Audu Bako a cikin gari. Mutumin Zariya yana da gindin Kufena. Kowane gari yana da fadamarsa, kuma da wuya a rasa wani ɗan'uwa ko mahaifin wani ɗan'uwa mai gonar mangwaro ko gwaiba da zai yi murna a shimfiɗa tabarma a cikinta. Awa biyu a mako ne. Mutum uku sun isa: mai abin hawa, mai ɗaukar tabarma da ruwa, da wanda majinyacin ya fi sakewa da shi. A fara tambayar masu gonar halin tsaron wurin, a kuma dawo da sauran rana. In an isa kada a mayar da zaman wa'azi. Ya sha wa'azin haƙuri har ya haddace. A bar shi ya yi shiru in shiru yake so. In rani ne a nuna masa gawo, bishiyar da ke zubar da ganye da damina lokacin da kowa ke kore, sannan ta yi kore shar da rani lokacin da kowa ya bushe, dabbobi su taru a inuwarta. Ba sai an yi masa sharhi ba, zai gane.

Wajibi ne kuma a yi abin da ilimi, kada garin neman gira a rasa ido. Mai sikila sanyi abokin gabarsa ne, haka ƙishirwa da gajiya. Don haka ba a fita da shi da asubar hunturu, ba a barin ruwan sama ya doke shi, ba ya shiga rafi ko dam da sunan wanka, ba a sa shi hawan Dala ko Goron Dutse don a nuna masa shi ma namiji ne. A riƙe masa ruwan sha mai yawa da rigar sanyi, a bar bakin fadama kafin magariba saboda sauro, domin zazzaɓin cizon sauro yana tayar masa da ciwo. Mai ciwon suga ya sa takalmi rufaffe, saboda ƙaya ɗaya a ƙafar da ba ta ji tana iya zama gyambon da zai kai ga yanke ƙafa, a kuma riƙe masa ɗan abin zaƙi ko da sugansa zai faɗi. Mai asma ya tafi da abin shaƙarsa, ya kauce wa ranar da ƙura ta sauko da wurin da ake ƙona daji. Mai wankin ƙoda kuwa ruwansa a ƙayyade yake, kada a cika shi da shi. Duk wanda ciwonsa ya yi nauyi a fara jin ta bakin likitansa. Kuma kada wani ya kuskura ya ce wa majinyaci ya ajiye maganinsa tunda ya fara samun sauƙi a gona.

Haka nan, idan aka ga ɗan'uwa ya daina ci, ya daina wanka, ya daina sallar da ya saba, ko ya fara maganar gara ya mutu ya huta, to abin ya wuce na gindin mangwaro. A kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa ba tare da ɓata lokaci ba, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Akwai asibitocin wannan fanni a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, ban da sassan da ke manyan asibitocin koyarwa. Zuwa can ba hauka ba ne, kamar yadda zuwa wajen likitan ido ba makanta ba ce.

Akwai waɗanda ba za su iya fita ko ƙofar gida ba. Su ma ba a yanke musu rabo ba. A cire kwalin nan daga taga a sa raga. A juya gadon ya fuskanci waje. Da hantsi a fito da shi tsakar gida ko minti ashirin ne. A kawo tsohon bokiti ko gwangwani a cika da ƙasa, a shuka zogale ko barkono ko na'ana'a, a ce shi ne mai ba shi ruwa. Mutumin da ya shekara ana yi masa komai, ranar da ya ga wani abu mai rai yana jiran hannunsa, wannan rana daban take a wurinsa. Kada kuma a manta da iyaye mata da 'yan'uwa mata, domin kullensu ya ninka na maza: akwai uwar da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar shekara biyar, ɗanta yana da babur yana zaga gari da shi, bai taɓa tunanin ɗauko mata mota ya kai ta ta ga gonar da ta yi wa wahala da ƙuruciyarta ba. Shi ne muharraminta, wa yake jira?

Sannan a yi shuka. Ya inganta cewa duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi. Harabar masallatai da makarantun Islamiyya da yawa an shafe ta da siminti tas, ko tsinke ba ya tsirowa. Darbejiya ba ta da tsada, ba ta son ruwa da yawa, cikin 'yan shekaru kaɗan take yin inuwar da za a shimfiɗa tabarma. Kowane wajen ta'alim ya dasa biyar da farkon damina mai zuwa, a kewaye su da ƙaya ko tsohon kwando saboda awaki, a raba wa matasa kwanakin ban ruwa kamar yadda ake raba kwanakin sharar masallaci. A cikin littafin da ake rubuta sunayen masu ban ruwan, a buɗe wani shafi a rubuta sunayen 'yan'uwan da aka daina gani a sahu, da ranar da za a je ɗauko kowannensu, da sunan wanda zai kawo abin hawa.

Allah Ya ba marasa lafiyar Musulmi lafiya, na gida da na asibiti.